Issufu Ɗan Azbin da Tudun Issawan

Duk wanda ya taɓa hawa bayan Issufu Ɗan Azbin ya san wannan azaba. Kuna cikin tafiya lafiya lau, da ya hango tudu sai ya taka birki ya ce ka sauka. Ya zaro turnabis daga cikin hularsa, ya durƙusa gaban moto, wato babur ɗinsa, ya murɗa wata 'yar ƙusa a jikin karbureta, ya kasa kunne, sannan ku hau. Da kun gangaro ya sake tsayawa ya mayar da ƙusar inda take. A ƙasarmu fa! Ƙasar Issawan, inda in ka cire suri da jigawa babu abin da ya fi rumbu tsawo.

Taubashina ne, ɗan wan uwata, don haka bakina a sake yake a kansa ko da ya girme ni. Kun san yadda ya samo sunan. A farin farko, shekarar da soja suka karɓi mulki, ya tafi Azbin neman abinci tare da ɗansa na fari, Hamisu, wanda a lokacin har ya fara gemu. Ya yi shekara uku yana bin masu haƙar rijiya a ƙauyukan cikin duwatsu, ya dawo da tsohuwar moto da wannan ilimi nasa. Hamisu ya tsaya aikin lambu, ya ce zai biyo baya. Shekaru suka yi ta wucewa, ba shi ba wasiƙa. Tun daga nan Issufu ba ya da wani buri sai ya hau moton nan ya je ya ɗauko ɗansa.

Wata rana za mu kasuwar Mayahi, ya sauke ni karo na uku cikin rana tsaka, na ce, "Kai bawana, mi kake murɗawa nan? Tudun ga ko akuya mai ciki ba ta hutawa bisa nai!"

"Jahili!" in ji shi. "Moto abinci biyu gare ta, isans, man nan da take sha, da iska. Can bisa dutse iska ba ta da kauri, kamar kunun da anka cika ma ruwa. In ta shaƙa ba ta ƙoshi, isans shi yi mata yawa, buji mai ba ta wuta shi yi baƙi, ta yi ta tari da hayaƙi, ƙarhinta shi tahi. Sai ka rage mata isans daidai da iskar. In ka sabko kuma ka maida, in ba haka ba ta ɗau zahi ta ƙone."

"Wannan can ne. Nan fa?"

"Tudu tudu ne."

Abin ya tsaya mini a rai har na tambayi wani babban makaniki a Tasawa. Ya ce maganar gaskiya ce, amma sai dutse na gaske, wanda ake yini ana hawa. Na dawo da gudu na faɗa wa Issufu.

"Ka ji ko?" ya ce. "Ya ce gaskiya gare ni."

"Ya ce dutse, Issufu! Dutse!"

"Shi ma bai taɓa zuwa ba."

Da fari na biyu ya zo, dariya ta yi wuya a garin. Gero ya bushe tun yana kai gwiwa. Mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, wasu suna tona gidan tururuwa. A lokacin ne wani soja ya zo ƙirga gidaje saboda hatsin agaji, motarsa ta mutu a bakin gari, ya ce a kawo masa mai moto. Kun san soja na wancan zamani, ko inuwarsa ba a takawa. Issufu ya goya shi, suka kama hanya. Suna isa tudun farko ya taka birki.

"Ale, ale! Mi ne ne kuma?" in ji sojan.

"Ranka shi daɗe, sabka za ka yi."

Sojan ya ce in bai tuƙa ba zai gamu da abin da bai taɓa gani ba. Issufu ya cire hula, ya zaro turnabis.

"Mon kumandan, ko ka harbe ni iska ba ta ƙaruwa."

Sau huɗu ya sauke mutumin nan a ranar. Da la'asar ya dawo, kunci a kumbure, ido ɗaya a rufe, kuma unguwarmu ce ta ƙarshe da aka kira ranar rabo, sa'ad da buhunan suka kusa ƙarewa. Maza suka taru a kansa suna zagi. Ya tofar da jini ya ce, "Ya sabka dai."

Bayan haka wani ɗan kasuwa daga Tasawa ya zo har gida ya ce zai ba da buhu huɗu na gero a kan moton. Buhu huɗu, a shekarar nan! Ina zaune a wurin. Issufu ya ce ba ta sayarwa ba ce. Kun san kunyar ɗan fari, ba zai taɓa buɗe baki a gaban mutane ya ce ɗansa yake nema ba, ko sunan yaron bai taɓa kamawa ba. Sai ya dubi ƙasa ya ce, "Akwai wani kile na kwance ƙusa da na mance can bisa, shi zan je in ɗauko."

Matarsa Hassiya tana bayan danga, ita ma ba ta iya faɗar sunan. Ta ce, "Malam, kilen ga naka ƙahwa gare shi. In yana so shi zaka da kai nai. Waɗanga da ke gabanka fa?"

Ɗan kasuwa ya tafi da geronsa. A watan nan jikanyar Issufu ta rasu, wadda uwarta, ɗiyarsa, ta dawo gida da ita saboda mijinta ya tafi Najeriya neman abinci. Ban ce buhu huɗu zai tsayar da ajali ba. Amma ranar da muka rufe ta, wasan taubasantaka ya fita daga bakina, na faɗa masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Na yi fushi da shi ƙwarai, kuma na daɗe ban huce ba.

Kwana goma da rasuwar ya ja jakinsa, dabbar ƙarshe da ta rage masa, ya kai kasuwa ya sayar, ya sayi isans. Ya ce ko ya kawo hannun da zai yi noma ko ya kawo labari. Isans ɗin bai kai rabin abin da hanya take ci ba. Da safen tafiyar na tarar da shi durƙushe a ƙofar gida, a fili shimfiɗe, yana murɗa ƙusar nan har ƙarshe.

"Issufu, ba kai ka ce in an rage mata a ƙasa sai ta ƙone ba?"

"Sannu-sannu zan bi da ita. Ta san halin da aka ciki, kowa ya rage ci."

Ba ta sani ba. Ko Tanut bai kai ba ta ɗauki zafi, inji ya kama. Kwana tara muka hango shi daga arewa yana turo ta cikin yashi, leɓe ya tsattsage, ƙafafu sun kumbura har ba sa shiga takalmi. Ya ƙi yar da ita a hanya. Na tare shi da ruwa, ya sha, ya dube ni da idon da ya riga ya faɗa.

"Ni ban yi kuskure ba, taubashi. Ƙasar ce ba ta tashi da wuri ba."

Wallahi na yi dariya, shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi. Fushina ya tafi a nan. Bai ƙara tashi daga tabarma ba, ya rasu kafin ruwan farko ya sauka.

Da kaka, bayan Allah ya kawo sauƙi, wata babbar mota ta sauke wani mutum da buhun alkama a bakin kasuwa. Hamisu ne. Sai da ya gangaro Agadas ya ji irin yunwar da aka yi a gida. Bayan an yi kuka an yi gaisuwa, ya ja ni gefe ya ce in faɗa masa yadda aka yi. Na ba shi labarin tafiyar. Ya dube ni.

"Da moto ya taho nemana, Baba Lawali?"

"Da moto."

"Ai inda nike moto ba ta zuwa. Tun shekarar da ya baro ni na hau can bisa dutsen Bagzam. Hanyar ko raƙumi ba shi son ta, jaki kaɗai ka hawa."

Ban gaya masa abin da ubansa ya sayar ya sayi isans ba. Ku ma da kuka sani, ku bar shi a cikinku.

Allah ka jiƙan Issufu, ka yafe masa taurin kai, ka yafe mini maganar da na faɗa masa a bakin kabari. Ka haɗa shi da jikanyarsa a gidan da ba a yunwa, ka sa ya huta. Amin.