Taubashin da Ba a Ba Lasifika Ba

A duk shekarun da na yi ina ɗaukar wa Mannir bidiyo, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da Ardo ya aiko a kira mu. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kuna ganin abin duk dariya ne. To, ku gyara zama.

Ni Sada, a sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma na yi aiki har na yi ritaya. Aikina ɗaukar hoton manya suna buɗe rijiya ko suna raba taki. Da na ajiye aiki, zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gidan, sai Mannir ɗan maƙwabcina a Batsari ya ce in zo in riƙe masa kyamara. Mannir ɗan barkwanci ne, amma ba irin na fim ba. Shi kaɗai yake tsayawa gaban jama'a da lasifika a hannu, ya yi ta zuba har mutane su riƙe ciki.

Ga yadda abincinmu yake fitowa, don wanda bai sani ba. Mukan kama gidan kallon ƙwallo da la'asar, ranar da ba wasa, mutane su biya a ƙofa su shiga. Ni in ɗauka, in koma gida in tace. Cikakken wasan sai ya tafi wani rufaffen guruf na waya, wanda sai mutum ya turo kuɗin wata ake saka shi. Daga ciki nakan yanko ɗan guntu, muna ce masa ɗanɗano, in saka a shafinmu na intanet kyauta don ya jawo mutane. In ɗanɗano ya karɓu, sai ka ga mai shagon taki ko mai sayar da atamfa ya zo neman a yi masa talla. Akwai kuma masu turi na kasuwa, waɗanda ke zuba wa mutane fina-finai a waya, su ma sukan sayi kwafi. Ba furodusa a kanmu, ba gidan rediyo. Daɗin abin ke nan, kuma wahalarsa ke nan, don in ta ɓaci ba wanda za ka laɓe a bayansa.

Uban Mannir Bahaushe ne manomi, uwarsa kuwa Bafillatana ce daga wajen Ruma. Yayanta yana da ɗa, Haro, makiyayi, sa'an Mannir. Taubasai ke nan, ɗan mace da ɗan namiji. Kun san halin taubasai, ba sa gaisawa sai da tsiya. Wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce wannan ɓarawo ne, a yi dariya a ci tuwo tare.

Da kakar shekarar da abin ya faru muka yi wasa a Safana. Ana cikin yi sai ga Haro ya shigo da sandarsa, ya kawo tumaki kasuwa ya ji labari. Mannir na hango shi ya bar abin da yake faɗi. Ya ce, "Jama'a, kun ga wancan dogon? Ɗan kawuna ne, taubashina, nonon gidansu na sha na girma." Aka yi tafi. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "To kowa ya riƙe akuyarsa, Bafillace ya shigo gari!" Wuri ya kaure da dariya. Haro ma ya dara, ya nuna shi da sanda, ya nemi benci ya zauna. Ni kaina a bayan kyamara sai da na dara.

Cikakken wasan ya shiga guruf lafiya lau. Amma wani mai turi, Allah ya shirye shi, ya ga wai bayanin farko surutu ne, yana cinye wa mutane wuri a waya. Sai ya datse shi. Abin da ya rage, ga Bahaushe da lasifika yana cewa a riƙe akuya, ga fuskar Haro ta cika waya, ga jama'a suna shewa. Wani kuma ya ɗauka ya watsa a intanet.

Kun san halin da yankinmu ya shiga da maganar 'yan bindigar daji. A lokacin ma Fulanin kirki da ƙyar suka fara dawowa kasuwa, ana kallon juna a kaikaice. Kafin mu farga, mutanen da ba su taɓa taka Batsari ba suna ta zage-zage a ƙarƙashin bidiyon, waɗansu suna tsine wa Mannir, waɗansu kuma, waɗanda suka fi ba ni haushi, suna yaba masa wai ya faɗi gaskiya. Na saka cikakken a shafinmu, na yi bayani har yatsana ya gaji, ba wanda ya kula. Mutane suka fara fita daga guruf. Mai shagon taki ya bugo ya ce a dakata da tallarsa tukuna.

Ana haka uwar Mannir ta kira shi ta ce Ardo, shugaban Fulanin wajensu, ya aiko yana nemansa, shi da mai ɗaukar hoton. Ta ce an ba Ardo shawara ya kai ƙara wurin hakimi. Mun san ma'anar wannan. In magana ta kai can da sunan tada fitina, Mannir ya gama riƙe lasifika a ƙasar nan, ba gidan kallon da zai sake ba mu wuri. Yaron nan kuwa da bakinsa yake ciyar da iyali.

Da hantsi muka hau babur muka nufi wajen Ruma. Muka tarar da Ardo a gindin bishiya kan buzu, dattawa na gefe, Haro na can baya kansa a sunkuye. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi shanu, aka tambayi amfanin gona, aka sake komowa kan gida. Aka kawo fura. Na sha ne kawai don kada a ce na ƙi.

Da aka natsa na ce, "Allah ya ja zamanin Ardo, abin da kuka gani guntu ne. Ga cikakken nan." Na miƙa waya. Ya riƙe ta nesa da fuska ya kalla tun daga farko, ko murmushi bai yi ba. Da ya gama ya ajiye ta a kan buzu.

"Na ji ya ce taubashinai ne," in ji Ardo. "Wannan ba laifi. Mu ma mun yi da namu, wanda ya fi wannan. To, Malam, ina wurin da Haro ya rama?"

Na ce, "Ai bai rama ba, ranka ya daɗe."

"Don mi?"

Mannir ya ce a hankali, "Baffa, lasifikar ɗaya ce."

"Ashe ka sani," in ji Ardo. "Wasan taubasai a faɗa maka ne ka faɗa. Kai ka faɗi naka gaban duniya, shi ka bar shi da baki rufe, sannan ka ɗauka ka sayar. Rabin wasa ka sayar, yaro. Ka tambaye shi rabonshi da kasuwa."

Sai a nan muka ji cewa tun fitar bidiyon Haro bai sake shiga kasuwa ba. Ranar da ya gwada, yara suka bi shi suna kukan akuya. Mannir ya dubi ɗan kawunsa, idonsa ya kawo ruwa. Ni ma kunya ta rufe ni, don duk kwanakin nan ta guruf muke yi da ta talla.

Ardo ya ce ba zai je wurin hakimi ba, amma da sharaɗi. A tara jama'a kamar yadda aka tara, a ba Haro lasifika, Mannir ya zauna a benci. In ɗauka, in watsa ta duk hanyar da na saba, har masu turin.

Ranar kasuwar Batsari muka yi, wuri ya cika har waje, Fulani da Hausawa. Haro ya karɓi lasifika ya riƙe ta nesa kamar za ta cije shi. Ya yi sallama, ya yi shiru. Na ce a raina shi ke nan, mun tara mutane a banza. Can sai ya nuna Mannir ya ce, "Wannan ɗan gwaggona ne. Yana yaro aka kawo mana shi hutu, aka ce ya bi shanu kiwo. Da yamma shanu suka dawo gida da kansu, ba wadda ta ɓata. Mu muka fita daji kiwon Mannir. Muka iske shi bisa icce yana kuka, ɗan maraƙi na ƙasa yana lasar takalminshi." Ai sai wuri ya rushe da dariya. Daga nan bakinsa ya buɗe, ya bi Mannir tun daga shan fura har zuwa ranar da ya je zance da rigar aro. Mannir ya rufe fuska da hula yana neman tuba. Sai da na yi wa Haro alama cajin kyamara zai ƙare sannan ya haƙura.

Bidiyon bai yi nisan da guntun farko ya yi ba, abin faɗa ya fi gudu a waya. Amma ya isa inda muke so ya isa. Guruf ya farfaɗo sannu a hankali, har da 'yan ruga a ciki, mai taki ma ya dawo kamar ba shi ya gudu ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tacewa, shi ne a zauren wasa kowa ya san wa ke tsokanar wa, ya san dangantakarsu. Waya ba ta san dangi ba. Shi ya sa yanzu Mannir yake cusa dangantakar a tsakiyar maganar, inda ba mai iya datse ta ba tare da ya kashe dariyar ba, kuma ba ya taɓa wanda ba shi da damar ramawa. In kuka zauna tacewa, kada ku tsaya kan mai lasifika kaɗai. Ku dubi wanda ake yi wa dariyar, ku tuna gobe da wannan fuskar zai fita neman abincinsa.