Mati Na Kwaya Ya Tafi Da Na Ɗayansa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina zaune kan tabarma, ko kunu ban kai baki ba, salula ta yi ƙara. Wai Mati Na Kwaya ya rasu a Dungas.

Mati fa.

Yaran yanzu tsoho mai kilishi a bakin tasha kawai kuka sani. Mu da muka ga ƙarshen zamanin Nasara mun san wani Matin daban. A damben manya, na ƙarti masu nauyi, daga Magariya har Dungas, in za a jera maza da sunansa ake farawa. Sai a ce Habu. Ni ne Habun.

Bayana akwai Dogo na Yekuwa, akwai Ɓaleri da yake ƙetarowa daga ƙasar Ingilishi, wato Najeriya. Waɗannan ba su dame ni ba, duk na kashe su. Kada ku firgita, kisa a dambe shi ne ka sa mutum ya dafa ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun ina saurayi shi ne, ni da Mati ba mu taɓa dambe ba. Ko turmi ɗaya.

Gida ɗaya muka tashi, gidan Baba Jatau mahauci. A ƙwarya ɗaya ya jiƙa mana magani muka sha, waɗanda suka sha ƙwarya ɗaya kuwa ba sa ɗaga wa juna hannu har abada. To ta ina aka gane ya fi ni? Na taɓa tambayar Baba Jatau, ya ce, "Kai Habu, bakinka ya fi hannunka sauri. Tashi ka hura wutar tukuba."

Bari in gaya muku yadda aka yi. In an gama awon gyaɗa, kumandan na Magariya, Nasaran da ke mulkin garin, yakan sa a yi wasa a fili. A gidanmu ƙarami ke fara shiga, Mati kuwa ya ɗan girme ni da abin da bai kai a faɗa ba. Ni nake shiga da tsakar rana, in sha naushin baƙi, in kashe na kashewa, in gajiyar da saura. Shi kuma kumandan bai taɓa zuwa da wuri ba. Sai rana ta yi sanyi ake kawo masa kujera, lokacin ni ina gefe ina tofar da jini, Mati na shiga fes da shi, jiki na sheƙi.

Nasara ya ga kisa ɗaya mai kyau, ya tambayi tafinta sunan yaron, ya ce wannan shi ne na ɗaya. Ya ba shi jan bargo. Shi ke nan, masu kalangu suka ɗauka, ƴan matan fura suka ɗauka. Mutumin da bai san yadda ake naɗa zare a hannu ba shi ya jera mu, kuma jerin ya zauna.

Matata ma, Allah ya ji ƙanta, in tana daka taken Mati take yi. Na ce mata, "Ni ba ni da take ne?" Ta ce, "Naka ba ya tafiya da taɓarya, Malam."

Ga abin haushi, mutumin kirki ne. Da mugu ne da na huta. Shi yake naɗa mini zare da hannunsa kafin in shiga. Shekarar da wuyan hannuna ya karye, shi ya nome mini gona bai gaya wa kowa ba. Ya zo dubiya ya yafa mini jan bargon nan, ya ce, "Rufa, Na Biyu, ana sanyi."

Na Biyu. Haka yake kirana har muka yi furfura.

Da daminar nan na hau kabu-kabu na je Dungas duba shi. Na tarar ya rame, amma bakin yana nan.

"Na Biyu, ashe kana raye?"

"Kai nake jira, Yaya."

Muka ci goro, muka ƙirga waɗanda suka riga mu. Can na ce, "Yaya, Baba Jatau ya daɗe a ƙasa, ƙwaryar ma ta fashe tuntuni. Ba za mu gwada ba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe abin nan bai bar ka ba? To in an sare gero ka zo da zarenka. Bayan gida, ba kalangu, ba ƴan kallo. Wanda ya dafa ƙasa ya faɗa wa duniya da bakinsa."

Na ce, "In ka faɗi wa zai tashe ka?"

Ya ce, "Kai mana. Ai aikin ƙarami ne."

Ku yi dariya in kuna so, ni ban ɗauke shi wasa ba. Na tono zarena a ƙasan adaka, na riƙa gwada hannu a buhun dawa har mutanen gida suka fara kallona a kaikaice. An sare gero. Ranar kasuwa mai zuwa na sa zan tafi.

Ɗazu wani ya kira ni ya yi mini gaisuwa, ya ƙare da cewa, "To Baba, yanzu kai ne na ɗaya." Na kashe waya. Dogo ya tafi, Ɓaleri ya tafi, ba sauran mai ƙaryata ni in na ce na fi Mati. Amma ba irin wannan nake so ba. So na yi in ji daga bakinsa, ko shi ya ji daga nawa. Ya tafi bai dafa ƙasa a gabana ba, ni ma ban dafa a gabansa ba, jerin kuma yana nan yadda yake.

Allah ya ji ƙan Mati, ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya yalwata, ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, kada ya rubuto mini wanda yake ganin zai yi nasara, ba ku gani ba, ni ma ban gani ba. Ku dai yi wa Yayana addu'a.