Takardun Rabi cikin tsagar bango

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ɗiyata Rabi, malamar Ingilishi a kwalejin Illela. Ban yi lakwal ba, wato boko. Ɗiyarta Nana ke rubuta wannan, ni ina faɗi.

Tun tana ɗaliba a nan Konni take yayyanka takarda ƙanana. A gaba ta rubuta kalmar Ingilishi, a baya ma'anarta da misali guda. Tana tankaɗe tana bita, tana wanki tana bita, iska na watsa su tsakar gida. Mu kuwa an tashe mu a kan ba a taka rubutu, ko na wane yare ne, don ba ka san inda sunan Allah yake ba. Sai in bi in tsince, in cusa cikin tsagar bango, ina faɗa.

"Ke Rabi, gidan nan buron gwamnati ne?"

"Yi haƙuri, Inna."

Iyakar abin da take cewa ke nan. Ban taɓa tambayar ta me ke ciki ba.

Yaran yanzu daga waya suke ɗauko kalmomin, suna jefa wa juna a bakin kasuwa. Da tana nan da ta tsaida su ta ce, to, sa ta cikin magana in ji.

Damanar bara ruwa ya zubda gefen bangon, takardun sunka fito, wasu gara ta ci. Na zaunar da Nana ta karanta mini. Wota, ruwa: uwata tana sanyaya ruwa a randa. Tumoro, gobe: gobe uwata za ta kasuwar Badagishiri. Ashe duk misalanta ni ce. Da ta kai ga wata sai ta kife ta a cinya.

"Karanta."

"Kaka, wagga ta goge."

"Idona ne bai yi boko ba, ba hankalina ba. Karanta."

Fiya, tsoro: ina tsoron uwata.

Rabi ta karantar da ɗiyan mutane da yawa, har yau suna zuwa gaishe ni. Wannan ya tabbata, Allah ya kai mata ladan. Ni abin da nake nema wata takarda ce da ta faɗi wani abu daban.

Ɗana ya kawo magini sau biyu a yaɓe bangon kafin ruwa ya sauka. Na sallami maginin. Akwai sauran tsaga ukku da hannuna bai kai ba.