Jirgin da Baba Ya Wanke

Yayana Lawan ya yi shekara talatin da biyar yana zanen filaye a ofishin gwamnati, bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Gidan da yake ciki a Unguwar Kanawa na Babanmu ne. Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka kiwon kaji zai kama irin na abokansa. Sai ya share ɗakin zaure, ya kafa tebur, ya hau tara gwangwanayen madara. Ni ce ƙanwarsa Hansai. Gidana yana Malali, amma kusan kullum nakan leƙo da rana in duba Baba, don haka a kan idona aka yi komai.

Babanmu, Malam Audi, lebura ne a barikin sojojin sama na Mando tun kafin a haife mu. Aikinsa wanke jirage. A cikinsu akwai wani ƙarami mai farfela ɗaya da fiffike a sama, wanda yake kira Ɗan Jamus, kuma da labarinsa muka girma. Yanzu Baba ya haura tamanin da biyar. Yanar ido ta rufe masa gani, mantuwa kuma ta fara cinye masa sunaye. Ta ɗauke na maƙwabta, ta ɗauke na jikoki, har ta fara taɓa namu. Abin da Yaya yake so guda ɗaya ne: ya ƙera wannan jirgin ya sa wa Baba a hannu, Baba ya gane shi tun yana iya gane wani abu.

Yaya mutum ne da in ya sa kai a abu sai dai a yi haƙuri. Hotuna uku ya samu na irin jirgin, ya sa aka buga masa su manya, ya baje su ya ɗauko tsohon kwamfas ɗinsa na ofis. Duk ƙafa ɗaya ta jirgin gaske ya mayar da ita rabin inci. Ya haɗa ƙasusuwan jirgin da siririn katako, ya yanke gwangwanayen ya daddale su ya lulluɓe shi da su. Tayoyi daga tsohon silifa ya yanko su. Gilashin gaba kuwa robar ruwa ce, ya gasa ta a bakin risho sau tara kafin ta lanƙwasu yadda yake so. Kawunan ƙusoshin da ke jikin fiffike da basilla ya fitar da su, ɗaya bayan ɗaya, yana dannawa ta bayan gwangwanin. Anti Larai, matarsa, ta ce rabon da a sha madara a gidan don daɗinta har ta manta, yanzu sha ake don a ba maigida gwangwani.

Ni dai tsokanarsa nake yi. In na shigo sai in ce, “Direba, yaushe za a kai mu Makka?” Ba ya ko ɗago kai. Amma nakan daɗe tsaye a bakin ƙofar. Da damina, in an ɗauke ruwa rana ta fito, haske yakan shigo ta taga ya kwanta a kan fiffiken, Yaya ya riƙe numfashi yana jan buroshi, ɗakin ya yi tsit sai ɗigar indararo. A irin wannan lokacin sai in ga kamar jirgin ya ɗan saki tebur. Nakan tuna shi yana yaro, tsaye a tsakar gida da kwanon tuwo a hannu, ya ɗaga kai yana bin ƙara a sama har tuwon ya huce.

Wata goma sha tara ya yi. Ranar da ya gama, wata Asabar da hantsi, ya sa sabuwar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Baba yana zaune a gindin mangwaro. Yaya ya durƙusa ya ɗora masa jirgin a cinya.

“Baba, taɓa ka ji.”

Baba ya shafa fiffiken da aka yi wata huɗu ana yi wa ƙusoshi, bai tsaya ba. Ya kifar da jirgin ya kai yatsu ƙasan cikinsa. Ya shafa gaba, ya shafa baya. Wurin sumul yake, ko ƙwarzane babu.

“Na yaran waye?” in ji shi. “A mayar musu kada su yi kuka.”

Na ji tausayin Yaya har cikin raina, na kuma ji haushinsa, don ni take na gano inda aka yi kuskuren. Na bi shi zaure na ce, “Yaya, hotunan nan naka daga ina aka ɗauke su?” Ya ce biyu daga gefe, ɗaya daga sama. Na ce to Baba yaushe ya taɓa ganin jirgin nan daga sama? Manyan leburori ke hawa tsani su wanke fiffike. Shi buhu yake shimfiɗawa ya kwanta rigingine, da tsumma da gwangwanin kananzir, yana goge baƙin man da ke bin ƙasan cikin jirgin. Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka. Yaya ya ƙera duk inda masu hoto suka gani, ya bar inda Baba ya sani.

Kwana uku bai shiga ɗakin ba, a na huɗu ya sa wuƙa ya ɓare cikin jirgin gaba ɗaya.

Tunda babu hoto, Baba ne ya zama hoton. Kullum bayan ya sha koko, lokacin da kansa ya fi zama daidai, Yaya zai zauna kusa da shi da fensir ya ce, “Baba, in ka kwanta, me ke saitin fuskarka?” Wata rana ba a samun komai sai labarin wani abokinsa da ya rasu tun zamanin soja. Wata rana kuwa sai ya ɗaga hannu sama yana zana iska. Nan akwai wata ƙaramar ƙofa mai ƙusa shida. Nan bututu biyu ne, na hagu ya fi zubar da baƙi. Nan an yi faci, gefensa yana yankar tsumma. Ya ce in an yi ruwa ya kwanta a ƙasa, hasken ruwan yakan riƙa rawa a ƙasan cikin jirgin, shi kuma ya yi ta kallo har ya ji kamar shi ne a sama jirgin a ƙasa. Ban taɓa jin Baba ya yi magana irin wannan ba, ko lokacin da yake da lafiya.

Wani lokaci ƙusoshin shida ne, washegari su koma takwas. Yaya, mutumin da bai taɓa yarda da layin da bai auna ba, haka ya riƙa rubutawa yana gogewa. Kwanakin da Baba ke magana kuma suna ta raguwa. Na ce wa Yaya ya yi sauri, ya ce hannunsa iyakar saurinsa ke nan. Ya yi facin, ya bar gefensa da kaifi. Ya kwaɓa baƙin tukunya da man keken ɗinki ya ja zirin baƙi daga bututun hagu har wutsiya.

Lokacin da Yaya ya gama, Baba ya yi mako biyu bai kira sunan kowa ba. Aka sa masa jirgin a cinya, hannunsa bai ko motsa ba. Na juya zan shiga ɗaki don kada a ga fuskata, sai na ji Yaya ya ce, “Hansai, ɗauko tabarma.”

Muka kwantar da Baba rigingine a gindin mangwaron. Yaya ya durƙusa ya ɗaga jirgin da hannu biyu saitin fuskarsa. An daɗe ba abin da ya faru. Sannan hannun Baba ya tashi a hankali, ya sami ƙaramar ƙofar, ya bi bututun, ya tsaya a kan facin. Ya murza yatsunsa ya kai hanci. Sai ya jawo bakin rigarsa ya naɗe a yatsa, ya fara goge baƙin, daga gaba zuwa baya, a nutse.

Hannuwan Yaya suka gaji, jirgin ya ɗan motsa.

“Yallaɓai, a ɗan dakata,” in ji Baba. “Ban gama ba.”

Yaya ya dube ni, hawaye na bin gemunsa. Ya so ya ce shi ne Lawan, na ga bakinsa ya buɗe. Sai ya gyara durƙuso ya ƙara ɗaga hannu.

“Yi a hankali, Malam Audi,” ya ce. “Sai ka gama za mu tashi.”