Maƙerin da Ya Riga Kansa

Na dawo garinmu Sanjo daga karatu a waje ina ganin rigimar haƙƙin ƙirƙira ta manyan kamfanoni ce, ba ruwan maƙeran unguwarmu. Lamarin tsoho Kuwabara ya sa na rage baki, ko da yake har yanzu ban gane don wa aka yi dokar ba.

Kuwabara Shigeo almakashin datse rassa yake ƙerawa tun yana saurayi. Masu gonakin tuffa sun daɗe suna yi masa ƙorafi cewa danƙon itace yana toshe sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke buɗe almakashin. Ya yi ta fama har ya gano yadda zai ɓoye sifirin a cikin ƙota. Da ƙarshen shekara ya zo, lokacin da ake kai wa masu mutunci kyautar godiya, sai ya naɗe sababbin almakasan da hannunsa, ya bi tsofaffin masu sayen kayansa gida-gida yana rusunawa yana ba su. Haka ya yi shekara bayan shekara.

'Yarsa Mihoko ce za ta gaji maƙerar, kuma wannan dabara ce kaɗai za ta riƙe ta a kasuwa. Ita ta matsa aka nemi takardar mallakar dabarar ta hannun wata lauya, Malama Tsuchiya. Suka yi ta jira, sannan mai tantancewa ya ƙi: wai abin ba sabo ba ne. Ya ga hotonsa a intanet, inda wani manomi ya saka tun tuni yana yabon kyautar.

"Malama, wa ya riga ni?" in ji Kuwabara.

"Kai ka riga kanka, Malam Kuwabara."

"Ashe kayana na sata! To a kira 'yan sanda mana."

Lauyar ta ce doka ta ba da shekara guda kacal a nemi takardar bayan jama'a sun ga abu. Da ma wata shida ne, aka ƙara, amma shi ya wuce nesa.

"Jama'a? Mutumin da na je jana'izar uwarsa shi ne jama'a?"

"Ka sa sun yi alkawarin ɓoyewa?"

"A ba mutum kyauta a ce ya rantse? A wane gida aka yi wannan tarbiyyar?"

Mihoko ta ce, "Baba, ai da ka tambaye ni tukuna."

"Ke kuma rufe min baki."

Ba a jima ba wani babban kamfani ya cika shaguna da irin almakasan nan masu ƙotar roba. Oda ta ja baya. Yanzu Mihoko ke riƙe da makullin ɗakin gwaji, ba ta barin uban ya nuna wa ko maƙwabci abin da yake ƙerawa.

Na tambayi Kuwabara ko yana jin haushin manomin nan.

"Me ya yi min? Yabona ya yi. Abin da ke ci min rai, tsoho ne ya girme ni, ya zo har nan ya sa goshi a ƙasa yana ba ni haƙuri."