Wasiyyar Desmond Mai Shafi Ɗaya

Shekara arba'in da biyu Wilf Ackroyd ya yi yana jera bulo a garin Barnsley na Ingila, har gwiwoyinsa suka riga shi ajiye aiki. Ba shi da yawan magana, kuma bai yarda da mai yawanta ba.

Amininsa ɗaya ne, Desmond Haigh mai filasta. Su biyu suka gyara gidan Desmond na bakin layin dogo, Asabar bayan Asabar, lokacin 'yarsa Lorna tana rarrafe cikin yashi. Uwar Lorna ta rasu. Daga baya Desmond ya auri Glenys, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta riƙe yarinyar hannu bibbiyu.

Da ciwon huhu ya ci ƙarfin Desmond, ya je wurin wata lauya. Ya dawo ya tarar da Wilf a lambu yana tonon dankali.

"Wai wasiyyar iri biyu ce," in ji Desmond. "Ko in bar wa Glenys komai kai tsaye, ko in sa gidan a hannun amintattu. Ta zauna iya ranta, bayanta ya koma ga Lorna, ba mai iya canjawa."

"Kai dai tun kana da gashi sakarai ne," in ji Wilf. "Matar da ke ɗaga ka tana kwantar da kai za ka sa wa masu gadi? Ka ga aikinta da idonka. Me takarda za ta ƙara?"

"Lauyar ta ce ba Glenys take tsoro ba. Abin da zai biyo baya ne."

"Tsoro take sayarwa, mutumina. Kar ka saya."

Desmond ya yi ta kai tsaye, shafi ɗaya. Wilf da wani maƙwabci suka sa hannun shaida. Glenys ma ta rubuta tata a ranar, ta bar wa Lorna gidan.

Glenys ba ta ci amana ba, ko kusa. Shekara shida tana zaman kaɗaici bayan rasuwar Desmond, sannan ta auri Clive Rushworth, tsohon direban bas. Wilf ya je ɗaurin auren, har ya ƙara kek. A ɗakin nan kaf ba wanda ya san cewa a doka sabon aure yana soke wasiyyar da aka yi kafinsa. Wata tara bayan haka Glenys ta faɗi a kicin, ba ta tashi ba. Wasiyyarta ba ta aiki, Lorna kuma ba jininta ba ce. Gida ya zama na Clive.

Wilf ya ɗauki sandarsa ya je wurin Clive.

"Shigo, dattijo, ga shayi da zafinsa," in ji Clive.

"Ba shayi ya kawo ni ba. Gidan yarinyar nan ne, kai ma ka sani. Glenys ta yi alkawari."

"Ita ta yi, ba ni ba. Ina da 'ya'ya uku, Wilf. In ce musu me?"

 Mutumin bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba.

Daga nan Wilf ya hau bas zuwa ɗakin hayar Lorna. Ta dawo daga aikin jinya ke nan, ko takalmi ba ta cire ba.

"Kawu Wilf! Da gwiwoyin nan ka hau bene uku? So kake in yi jinyarka kyauta?"

Bai zauna ba. "Babanki ya so ya ɗaure miki gidan. Ni na hana shi."

Ta ce, "Da ka yi shiru, da ban taɓa sani ba."

"Shi ya sa na zo."

Ta raka shi har ƙasa, tana riƙe da hannunsa saboda matakala. Har yau idan suka haɗu a kasuwa tana gaishe shi, ta tambayi jikinsa. Sai dai yanzu Mista Ackroyd take ce masa.