Mutumin da Ya Hana Bututun Kabon Yin Ƙarya

Shekara ashirin da bakwai ke nan Baba Sannu-sannu yana riga kowa buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Zai goge teburi, ya kunna na'urori, sannan ya tsaya bakin ƙofa yana hararar takalman mutane. Duk mai taka ƙasa da ƙarfi, ko farfesa ne, sai ya ji, "Sannu-sannu dai, allurar awo na rawa." Nan sunan ya samo asali.

Aikinsa a kan bututun kabon ne, wato wasu 'yan bututai na sinadarin kabon waɗanda silin gashi ya fi su kauri sau dubbai. Ana shimfiɗa su a kan 'yar leda, a manna musu wayoyi, a lanƙwasa ledar, a auna yadda wutar lantarkin da ke bi ta cikinsu ke raguwa. Ƙarfen lanƙwasawar ma shi ya ƙera shi da hannunsa.

Har yau ana ba da labarin wata ɗaliba mai neman digirin dokta. Saura wata guda ta kare aikinta gaban malamai masu tambaya, ta fito da sakamako mai kyau har ya yi yawa: lanƙwasa kaɗan, wuta ta faɗi warwas. Kowa na taya ta murna. Baba ya leƙa ta madubin ƙara girma, ya ce, "'Yata, ba bututun ba ne. Abin da ya manne waya ne ke tsagewa."

"Haba Baba! Shekara uku fa! So kake in koma gida hannu rabbana?"

"So nake ki tsaya gaban masu tambaya ƙafarki ba ta rawa. Miƙo wayar."

Ta yi kuka, ta daina gaishe shi. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya sake manne wayoyin nesa da wurin lanƙwasa, suka auna sau ɗari huɗu. Sauyin da ya fito bai kai kwatan na farko ba, amma na gaskiya ne. Ranar kare aikin, tambayar farko da baƙon farfesa ya jefo mata a kan mannewar nan ce. Ta amsa kai tsaye.

Baba, kai ne mai ido inda namu ya ƙare. Sunanka bai hau takardar bincike ko ɗaya ba, abin yana ci mana rai. Yau da kake ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi faɗar gaskiya tun kafin ta yi tsada.

Ɗalibar nan ita ce shugabar ɗakin yanzu. Ta rantse ba mai karɓar makullin Baba sai wanda zai iya duban idonta ya ce mata ta yi kuskure.